Faifai Naka, Makulli Nasu

A watan Maris na 2009 Firaministan Birtaniya na wancan lokaci, Gordon Brown, ya kai ziyara Amurka, Shugaba Barack Obama ya sallame shi da tsarabar faifan DVD guda 25 na fitattun finafinan ƙasarsa. Ba a jima ba jaridun Landan suka ɗauki labarin cewa da Brown ya zauna zai kalla, na'urarsa ta ƙi karɓa. Dalili kuwa, faifan na shiyyar Amurka ne, na'urar ta shiyyar Turai ce. Kaya ne na halal, daga hannun shugaban ƙasar da ta yi finafinan suka fito, amma na'ura ba ta ji kunyar kowa ba. To idan firaminista bai tsira ba, ina ga ɗalibin da ya dawo daga Malesiya da faifai a jaka, ko alhajin da ya ratsa wani kanti a Jidda ya sayo wa yara katun?

Duk wanda yake da faifan DVD na asali a gida, ya juya bayan kwalin ya duba can ƙasa, kusa da inda ake rubuta tsawon fim. Zai ga ɗan mitsitsin hoton duniya da lamba a tsakiyarsa. Wannan lamba ita ce tushen rigimar. Lokacin da DVD ya fito, a Japan a ƙarshen 1996 da Amurka a 1997, manyan kamfanonin fim sun dage sai an yanka duniya shiyya-shiyya. Amurka da Kanada suka ɗauki lamba 1. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Masar da Afirka ta Kudu, suka samu 2. Kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu 3, Latin Amurka da Ostireliya 4, Sin ita kaɗai 6, aka ware 8 wa jiragen sama da na ruwa. Mu kuma, sauran Afirka, aka tara mu da Rasha da Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa a lamba 5. Na'ura tana duba lambar faifai, idan ba ta dace da tata ba sai ta rubuta maka a allo cewa shiyyar ba daidai ba ce, ta yi shiru. Da Blu-ray ya zo a 2006 aka rage shiyyoyin zuwa uku, A da B da C, kuma a sabon rabon Afirka ta faɗa B tare da Turai, Indiya ta koma C. Wato ƙasar da muka fi kallon finafinanta shekara da shekaru an raba mu da ita a takarda, ba tare da an tambayi kowa ba.

Akwai wata matsala da ake yawan cakuɗawa da wannan alhali asalinsu daban. Ita ce bambancin tsarin hoto. Amurka da Japan sun gina talabijin ɗinsu a kan NTSC, mai layuka 525 da hotuna kusan 30 a daƙiƙa. Birtaniya da Jamus, da mu da muka bi sawun Birtaniya, muka ɗauki PAL, mai layuka 625 da hotuna 25. Faransa ta yi nata, SECAM, ta kuma bar wa da yawa daga ƙasashen da ta mulka, ciki har da Nijar. Tushen bambancin daga wutar lantarki ne: ta Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Waɗanda suka yi zamanin kaset ɗin bidiyo ba za su manta yadda kaset ɗin waje yake fitowa a tsohuwar talabijin ba: launi ya gudu ya bar fari da baƙi, hoton yana ta mirginawa daga sama zuwa ƙasa, murya kuwa tana tafiya lafiya kamar ba abin da ya faru, yara suna ta murɗa maɓallin baya ko zai tsaya. Har da wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Fim ana ɗaukarsa a kan hotuna 24 a daƙiƙa, idan za a mayar da shi PAL sai a ɗan hanzarta shi zuwa 25, don haka fim mai awa biyu yakan rasa kusan minti biyar, muryoyi kuma su ɗan yi sama. Wannan duk gadon fasaha ne, babu wanda ya shirya shi don ya tare wani, kuma talabijin na yanzu sun kusa kashe maganar domin galibinsu suna karɓar kowane tsari. Babu mai zargin wanda ya nemi hanyar gyara shi.

Lambar shiyya kuwa da gangan aka dasa ta, kuma hanyoyin tsallake ta ba ɓoyayyu ba ne. Na'urori da yawa ana buɗe su da rimot kawai: a fito da faranti, a danna wasu lambobi a jere, sai wani shafi da ba ya cikin littafin na'urar ya bayyana, a mayar da lambar shiyya sifiri. Masu araha da ke shigowa kasuwanninmu daga Sin ma galibi a buɗe suke zuwa. Kwamfuta ce mai tsauri. Tana ba ka damar canza shiyya sau biyar, kowane canji ta nuna maka saura nawa, inda ka tsaya a na biyar nan za ka dawwama, ko da ka goge komai ka sake zuba Windows, domin lissafin a cikin ita na'urar faifan yake. Daga nan mutane suke komawa ga manhajoji irin su VLC, wadda ta faro daga ɗaliban wata makarantar injiniya ta Faris, kuma sau da yawa tana karanta faifai ba tare da ta bi ta kan lambar ba. Saboda haka tambayar ba ta iyawa ba ce, kowa na iyawa. Tambayar ita ce ko daidai ne.

Masu cewa ba daidai ba ne ba mahaukata ba ne, kuma kuskure ne a ɗauka kwaɗayi kaɗai ke magana a bakinsu. Hujjarsu ta farko ta lokaci ce. A shekarun da aka ƙirƙiro DVD, fim yana zuwa silima ne a kan zaren fim mai nauyi da tsadar bugawa, don haka ba a iya sakinsa ko'ina rana ɗaya. A fara da Amurka, bayan watanni a kwashi zarurrukan a kai Turai ko Ostireliya. Kafin fim ya isa silimar Sidni, wataƙila faifansa ya riga ya fito a kantunan Amurka. Idan kowa zai iya yin oda ya kalla a ɗakinsa, mai silimar da ya biya kuɗin fim zai buɗe ƙofa ya tarar da kujeru.

Ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi yadda ake haɗa kuɗin fim tun kafin a kunna kyamara. Finafinai da yawa, musamman waɗanda ba na manyan kamfanoni ba, ana sayar da haƙƙin rarraba su ne ƙasa-ƙasa. Wani ɗan kasuwa ya sayi Faransa, wani ya sayi Japan, wani Brazil, da waɗannan alƙawura furodusa yake zuwa banki ya karɓo bashi. Shi wanda ya sayi ƙasa ɗaya, shi zai biya mai fassara, ya biya talla, ya kai fim hukumar tacewa. Abin da ya saya a haƙiƙa shi ne tabbacin cewa babu wanda zai sayar da fim ɗin a kasuwarsa sai shi. Ranar da wannan tabbaci ya rushe, farashin da zai yarda ya biya zai faɗi, kuma furodusa ne zai ji a jikinsa. Duk wanda ya san yadda harkar fim ta gudana a Kano, yadda furodusa yake dogara da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su karɓi kaya su raba wa garuruwa, ya san cewa dillali ba ɗan kallo ba ne a wannan sana'a.

Sai hujja ta uku, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai domin da sunanmu ake yin ta. Suna cewa katangar nan talaka take karewa. Idan kamfani zai sayar da faifai ɗaya da tsada a Landan, da araha a Mumbai ko Legas, dole ya tabbata na arahar ba zai kwararo Landan ya karya masa kasuwa ba. In babu katanga, farashi ɗaya zai saka wa duniya, kuma kowa ya san farashin da zai zaɓa: na mai kuɗi. A lissafinsu, mai fasa shiyya yana jin daɗin kansa yau, gobe kuma ya jawo an daina yi wa ƙasashe matalauta rangwame.

Akwai kuma maganar da ba a iya kauce mata, cewa makullin da ke buɗe shiyya sau da yawa shi ne ke buɗe ƙofar kwafi. Faifan DVD yana ɗauke da wata kariya mai suna CSS da ke hargitsa bayanan ciki. A 1999 wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, tare da wasu mutum biyu da ba su bayyana kansu ba, suka fitar da manhajar DeCSS da ke warware ta. Daga lokacin, duk mai kwamfuta yana iya juye fim daga faifai zuwa rumbunta. Kotunan Amurka, bisa dokar DMCA ta 1998, sun hana wata mujallar masu kutse mai suna 2600 ko da nuna wa mutane inda za su samo manhajar. Masu goyon bayan wannan tsauri suna cewa ba za ka raba wa gari makulli ba sannan ka ce ka yarda kowa ɗakinsa kaɗai zai buɗe. Kuma mu ba baƙi ba ne ga abin da satar fasaha ke yi. Kasuwar faifan finafinan Hausa a gabanmu ta durƙushe, fim ya fito da safe, kafin la'asar ana tura shi a waya a bakin titi da kuɗin da bai kai na ruwan leda biyu ba. Wanda ya ga haka, idan ya ji ana kare fasa kariya kowace iri, dole gabansa ya faɗi.

Duk da haka, ina ganin ɗaya ɓangaren ya fi su gaskiya, kuma dalilin farko shi ne mafi sauƙi. Mutumin nan ya biya. Kamfani ya karɓi kuɗinsa, ɗan wasa da marubuci sun sami rabonsu daga wannan ciniki kamar yadda za su samu daga kowane. Abin da ya rage kawai ya zauna a ɗakinsa ya kalli abin da ya saya. A ce ka sayi ragon layya a Maiduguri, ka biya lakadan, sannan mai rago ya ce ba a yarda ka yanka shi ba sai a cikin Borno. Masu kare shiyya za su ce rago ba a kwafarsa, fim kuwa ana yi. Gaskiya ne, amma wanda muke magana a kansa bai kwafi komai ba. Faifai ɗaya ya saya, faifai ɗaya ke hannunsa.

Kotuna a wurare da dama sun karkata nan. Kotun Oslo ta wanke Johansen a Janairun 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disamban shekarar, bisa cewa ba laifi ba ne mutum ya buɗe faifan da ya saya da kuɗinsa. A 2005 babbar kotun Ostireliya ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Sony da Eddy Stevens, wanda ke saka wa na'urorin PlayStation wani ɗan guntu da ke sa su karɓi faifan da aka hana su, ta ce abin da ya yi bai karya dokar kariyar fasaha ta lokacin ba. Adalci ya sa a faɗi cewa shi Stevens ɗin ba waliyyi ba ne, domin kotun farko ta same shi da laifin sayar da kwafin wasanni ɗauke da tambarin Sony, abin da ke nuna tsoron ɗaya ɓangaren ba na banza ba ne. Amma darasin da Ostireliya ta ɗauka shi ne a raba abubuwan biyu. Da ta gyara dokarta a 2006, ta tsananta hukuncin fasa kariyar kwafi, ta kuma cire kullen da aikinsa kawai raba kasuwa shiyya-shiyya daga cikin abubuwan da doka ke karewa. New Zealand ta bi wannan hanya a 2008. Ko a Amurka, Kotun Ƙoli a 2013 ta ba Supap Kirtsaeng gaskiya, ɗalibi ɗan Tailan da ke sa a sayo masa littattafan karatu masu araha daga gida yana sayarwa a Amurka. Alƙalai shida cikin tara suka ce kayan da aka buga bisa ƙa'ida aka sayar, mai shi yana da ikon ya ƙetara da shi.

Dalili na biyu shi ne wa kullen yake kamawa. Ɓarawon fasaha ba ya ko jin labarinsa. Abu na farko da mai buga jabu yake yi shi ne cire lambar shiyya, domin yana son kayansa su yi aiki a kowace na'ura. Faifan nan mai finafinai goma sha wani abu a cunkushe, wanda aka riƙa tallansa a tasha da bakin danja, bai taɓa ce wa kowa shiyyarsa ba daidai ba ce. Wanda ke cin karo da saƙon ƙi shi ne wanda ya ɗauki kuɗi mai yawa ya sayi na asali. Tsarin da ke sa kayan sata su fi na halal sauƙin amfani, da wuya a ce yana yaƙi da sata. Koya wa mutane ita yake yi.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ne amsata ga masu cewa don talaka aka yi katangar. Rangwame yana da ma'ana ne idan akwai kaya a kanti. Shiyya ta 5 a takarda tana ɗauke da ɗimbin jama'a, amma faifan da aka buga mata na Rasha ne da Indiya, da harsunansu da kasuwarsu a zuciya. Wa ya taɓa shiga kanti a Kano ko Zinder ko Tamale ya tarar da jerin faifan asali da wani kamfanin Hollywood ya buga musamman don Afirka ta Yamma a farashin talaka? An kulle ɗaki da sunanmu, ba a saka komai a ciki ba. Abin ma ya girmi DVD. A 1981 ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka ta dakatar da kawo finafinai Nijeriya bayan saɓani da gwamnati kan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa. Jama'a ba su daina kallo ba, hanya kawai suka canza. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda hanyoyin kwafar kaset da rarraba shi da suka kafu a Kano don finafinan Indiya da na Amurka, su ne daga baya finafinan Hausa suka hau kai. Ba ina wanke satar ba ne. Ina cewa ne inda aka ƙi kai kayan halal, ba a da bakin yi wa mutane wa'azin haƙuri, balle a hukunta ɗan ƙalilan ɗin da suka wahala suka sayo na asali daga waje.

Indiyawa sun fahimci wannan tun da wuri. Galibin faifan finafinansu a buɗe aka riƙa buga su, da yawa ma a tsarin NTSC, domin sun san masu kallonsu suna Dubai, suna Landan, suna New Jersey, suna Fagge. Masana'antarsu ba ta mutu saboda haka ba. VCD, wanda ya riga DVD fitowa kuma ya daɗe yana mulki a kasuwanninmu, shi ma ba shi da lambar shiyya ko kaɗan.

Hujjar lokacin silima kuwa zamani ya cinye ta. Silima ta koma dijital, manyan finafinai suna fitowa a Legas da Landan da Los Angeles a mako ɗaya. Ko a da can ma hujjar tana da rami, domin an riƙa kulle finafinan da suka bar silima tun kafin a haifi masu kallon. Wace silima ake karewa da kulle fim ɗin 1942? Su kansu kamfanonin sun ja da baya a hankali: faifan Ultra HD Blu-ray da ya fito a 2016 ba shi da shiyya, Nintendo da ta daɗe tana kulle wasanninta ta saki Switch a 2017 a buɗe.

Wani zai ce ai faifai ya mutu, me ya rage na gardama? Netflix ta rufe sashenta na aika faifai ta gidan waya a Satumban 2023, manyan kantuna a Amurka suna janye shi daga kantocinsu. Amma raguwar faifai ita ce ta ƙara wa maganar nauyi. Akwai dubban finafinai da shirye-shiryen tarihi da babu su a kowace manhajar kallo, sai a faifan da aka buga sau ɗaya a ƙasa ɗaya. Ɗauki Touki Bouki, fim ɗin da Djibril Diop Mambéty ya yi a Dakar a 1973. Gidauniyar Martin Scorsese ta gyara shi, kamfanin Criterion ya fitar da shi a Blu-ray a Amurka, kuma faifan Criterion na Amurka a shiyyar A ake kulle su. Senegal tana B. Malamin jami'a a Dakar da ya yi odar wannan bugu don ya nuna wa ɗalibansa fim ɗin garinsu, na'urar da ta bi ƙa'ida za ta ƙi shi. Mu ma abin yana iya zuwa ƙofarmu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Jamus aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Matuƙar gyaran tsofaffin finafinanmu a waje ake yi, wasu ne za su riƙa yanke shawarar na'urar da za ta karɓe su. A irin wannan hali, malamin da ya buɗe na'urarsa ban ga wanda ya zalunta ba.

Ba fatawa nake bayarwa ba, amma mai karatun da ya zauna gaban malamai zai ga cewa fiƙihu ma ya san ɓangarorin nan biyu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin marubuci da mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, ba a yarda a ci shi ba. Wannan ya rufe bakin mai cewa kwafi ba sata ba ne. A gefe guda kuma, malaman Malikiyya sun daɗe suna ƙyamar sharaɗin da ke warware manufar ciniki, irin a sayar maka da abu a ɗaure maka hannu a kansa. Masu kamfani za su ce ba fim suka sayar maka ba, izinin kallo ne mai iyaka. To ina aka yi wannan yarjejeniya? Mai saye bai sa hannu a komai ba, mai kanti bai gaya masa ba, sai wani ɗan tambari a bayan kwali da yawancin mutane ba su san ma'anarsa ba sai bayan sun yage leda.

Inda nake ba masu kare shiyya gaskiya ba tare da ja ba shi ne batun ɗan kasuwar da ke shigo da kaya da yawa. Mutum ɗaya da faifansa daban, wanda ya cika kwantena da bugun wata ƙasa ya zo ya karya wanda ya biya haƙƙin rarrabawa daban. Wannan rigima ce ta gaske, kuma ƙasashe sun bambanta a kan yadda suke hukunta ta. Amma wurin warware ta kwastan ne da kotu da yarjejeniyar kasuwanci. Ba a warware ta da na'urar da ba ta iya bambance mai kwantena da ɗalibi.

Katangar ma ba ta tafi ba, gida ta canza. Yau saƙon da ke fitowa a waya shi ne cewa ba a nuna wannan bidiyo a ƙasarka, masu tsallakewa kuma VPN suke kunnawa, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, a maimakon danna rimot. A Janairun 2016 Netflix ta buɗe a ƙarin ƙasashe 130, ciki har da Nijeriya, a watan kuma ta sanar da cewa za ta toshe masu shigowa ta ɓarauniyar hanya. Sai dai a nan hujjar mai tsallakewa ta fi rauni, kuma ya kamata a faɗa. Mai biyan kuɗin wata ya amince da sharuɗɗa kafin ya shiga, kuma haya yake yi, bai mallaki komai ba. Mai faifai kuwa ya mallaka. Wanda ya ɗauki hukuncin faifai ya ɗora wa VPN kai tsaye ya yi gaggawa.

Hukuncina shi ne, wanda ya sayi faifai na asali daga kowace ƙasa yana da haƙƙin ya buɗe na'urarsa ya kalla, shi da iyalinsa, babu laifi a kansa ko na sisin kwabo. Ranar da ya juye shi ya raba wa mutane ko ya sayar, ya fita daga wannan magana ya shiga ta ɓarayi, kuma uzurin shiyya ba zai cece shi ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyin intanet na WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta shigo da haramcin fasa matakan kariya na fasaha. Dokar tana da amfani, 'yan fim ɗinmu sun daɗe suna neman irinta. Kirana ga Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da 'yan majalisa shi ne su bi sawun Ostireliya da New Zealand, su faɗa a fili, da harshen da mai gyaran rediyo zai gane, cewa kullen shiyya ba ya cikin abin da dokar ke karewa. Ƙarfin hukuma a kai shi inda ake buga jabu, a ƙyale wanda ya biya kuɗinsa ya kalli abin da ya saya.